Kafin ka ce a cire haƙorin

Ɗana, idan ka wayi gari da ciwo a gefen fuska, daga gaban kunne ya gangaro kumatu, kada ka yi garajen zuwa wajen mai cire haƙori. Na san ba wauta ke kai ka ba, zafi ne, mai jin zafi kuwa so yake a nuna masa abu guda a ce ga mai laifin, a tumɓuke a huta. To amma sau da yawa haƙorin lafiyarsa ƙalau, muƙamuƙi ne ya gaji, haƙorin babba kuma in ya fita ya fita ke nan.

Ɗora yatsunka a kumatu, wajen kusurwar muƙamuƙi, ka cije. Abin nan da ya taso ya yi tauri babbar tsokar tauna ce. Mayar da yatsun gefen kai, sama da kunne, ka sake cijewa, za ka ji wata shimfiɗe kamar mafici, wadda in ta gaji take kawo ciwon kan da kake ɗora wa zafin rana. Akwai wasu biyu can ciki masu kai haɓa gaba da gefe, huɗu ke nan a kowane ɓangare. Gaɓar muƙamuƙin kanta tana daf da ƙofar kunne, da ɗan faifan guringuntsi a tsakiyarta, shi ya sa wani zai yi ta ɗiga magani a kunne alhali ba abin da ya sami kunnen.

Goro da kilishi da busasshiyar aya da cingam duk suna da nasu rabon wajen gajiyar da muƙamuƙi, balle mai buɗe kwalbar lemo da haƙori. Amma abin da na fi ji maka shi ne cizon da ba ka san kana yi ba. In mutum yana zaune ba ya ci ba ya magana, leɓɓansa ne ya kamata su haɗu, haƙoran sama da na ƙasa su bar ɗan fili a tsakani. Duba naka yanzu. Wanda ya kwana da tunanin kuɗin haya da na makarantar yara, ya haɗiye bai faɗa wa kowa ba, yakan wuni a cije, ya kwana yana gurzar haƙora, har mai ɗakinsa ta ji ƙarar, shi bai sani ba. Tambaye ta. In kuma ita ce ke kuka da wannan ciwo, kada ka ce raki ne, don ya fi kama mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40.

Mafi yawansa yana lafawa in an ba muƙamuƙin hutu. Ka yi kamar mako 2 kana cin mai laushi, kunu da fate da tuwo, ka yanka nama ƙanana, ka daina tauna a gefe guda. Ka jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ka dafa wurin minti 10 zuwa 15, safe da yamma, in hamma ta zo ka tallafe haɓa da hannu. Farasitamol na taimakawa, ibuprofen ma haka na 'yan kwanaki, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu kada ya sha shi sai da izinin likita. Mai gurzar dare, likitan haƙori na iya auna bakinsa ya yi masa roba ta kwana. Ƙarar ƙas-ƙas a muƙamuƙi da ba ciwo tare da ita, ƙyale ta. Damuwar nan kuma, ka samu wanda ka yarda da shi ku zauna ka amayar.

Sai dai akwai inda jira ba shi da amfani. In bakin ya ƙi buɗuwa, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko haƙora suka sarƙe kwanaki bayan ka taka ƙusa ko ka ji wani rauni, ka nufi asibiti a ranar. In kuwa ciwon muƙamuƙin ya zo da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, zuciya ce ake tsoro, a nemi mota nan take ko da tsakar dare ne.