A Jikin Wa Za A Koyi Allura?

Duk anfarmiyen da kuka gani ya gwanance da allura, akwai ranar da ya yi ta farko. Ran nan hannunsa rawa yake yi. To, jikin wa aka ba shi?

Mun san amsa. Ba jikin babban ma'aikaci ba ne, ba na matar attajiri ba. Galibi mutumin ƙauye ne da ya kwana bisa hanya, ba ya jin faransanci, ya ga farar riga ya ce lokotoro ne. Ba wanda ya gaya masa yaron nan ɗan lakkol ne, koyo ya zo. Shin wannan daidai ne?

Kada wani ya ce allura ƙaramin abu ce. Akwai babbar jijiya da ta taso daga ƙugu, ta bi ta ɗuwawu, ta sauka har ƙafa. Don haka ake koya wa ɗalibi ya raba ɗuwawu huɗu da ido, ya soka a kashin sama na waje. Jariri kuwa a cinya ake yi masa. In allura ta taɓa jijiyar nan, ƙafa tana iya shanyewa. A ƙasashenmu an ga yara masu jan ƙafa saboda allurar kinin da aka yi ba wurinta ba. Ɗalibi yana iya rubuta wannan duka ya samu 18 bisa 20, amma gaban yaro mai kuka da shure-shure ya rikice. Takarda kansa ta auna, ba ta auna hannunsa ba.

Malamai za su ce da koyo akan iya. In ɗaliban lakkolin kiwon lafiya na Yamai da Damagaram ba su taɓa majinyaci ba, wa zai riƙe gidan likita na karkara gobe? Gaskiyarsu. Amma wanda ya ba da jikinsa yau daban, masu cin amfani gobe daban.

An daɗe ana neman dabara. A 1911, a Amurka, wata mata mai suna Martha Chase ta ɗinka wa asibitin Hartford mutum-mutumi mai girman mutum don ɗalibai su koyi jinya a kansa. A 1975 wani likita, Ronald Harden, da abokan aikinsa a Sikotilan suka fito da jarrabawar da ɗalibi ke bin wuri wuri yana aiki da hannu, malami na kallo yana ba da maki. Makarantun jinya da dama sun ɗauke ta. Dabara ce mai kyau. Sai dai roba ba ta kuka, kuma jijiyarta ba ta ɓuya kamar ta yaron da zawo ya tsotse. Ranar farko tana nan, jinkirta ta kawai aka yi har hannu ya ɗan natsu.

Ni a ganina, tunda ba makawa, sai a faɗa wa mutum gaskiya da harshen da yake ji: "Baba, wannan ɗalibi ne, ni kuma ga ni tsaye, ka yarda?" Wasu za su ƙi, kuma haƙƙinsu ne, jikinsu ne. Amma ba na tsammanin kowa zai ƙi in ya ga malami kusa. Wahalar a nan take, malami ya tsaya ɗin. Majinyata sun yi yawa, ma'aikata kaɗan, na sani. Duk da haka wanda ya bar ɗalibi shi kaɗai a ɗakin allura, sa'an nan ya sa hannu a littafinsa cewa ya iya, in ƙafa ta shanye, alhakinsa ya fi na yaron nauyi.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Ɗalibin da ya ga an ɓoye wa baƙauye ko shi wane ne, ba allura kaɗai ya koya ran nan ba. Ya koyi cewa talaka ba a neman izininsa. Da wannan zai karɓi takardarsa, da shi zai tafi garin da aka tura shi, inda ba malami, ba mai ba da maki.