Abin da Yake Na Kowa, Wa Zai Kula da Shi?

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: abin da ba mallakarki ba ne ke kaɗai, amma kina cin moriyarsa tare da sauran jama'a, shin akwai haƙƙinsa a wuyanki ko babu? Kafin ki ba ni amsa, bari in kai ki wani gari mai nisa da ke bakin teku, domin sau da yawa mutum ya fi gane halinsa idan ya ga yadda wasu suke yi.

Garin St Annes yana gundumar Lancashire ne a arewa maso yammacin Ingila, kudu kaɗan da Blackpool. Tsakanin gidajen garin da teku akwai tuddan rairayi waɗanda iska ta tara shekara da shekaru. Waɗannan tuddai su ne katangar garin, domin idan teku ya yi fushi, su igiyar ruwa take fara duka, ta kwashi rairayi, ƙarfinta ya ragu kafin ta kai ga gidaje. Sai dai cikin shekaru 150 da suka wuce, fiye da kashi 80 cikin 100 na tuddan gaɓar Lancashire sun salwanta, yawanci saboda gine-gine da hanyoyin da aka yi a kansu.

Hunturu kuwa shi ne lokacin da teku ya fi ɓarna a ƙasashen can. A daren 31 ga Janairun 1953, guguwa ta haɗu da cikar teku, ruwa ya fasa shingaye a gabashin Ingila ya kashe mutum 307, a ƙasar Holan kuma ya kashe 1,836. Da yawansu suna cikin gidajensu ruwan ya same su. Kin ga ke nan maganar tudun rairayi magana ce ta rai da dukiya.

To me mutanen St Annes suke yi? Kowace shekara bayan an gama bikin Kirsimeti, ana tattara itatuwan da mutane suka yi ado da su a gidaje, waɗanda da can juji za su tafi. Wata cibiyar jinyar marasa lafiya ta yankin, mai suna Trinity Hospice, tana bi gida-gida tana karɓar su, masu gida su ba ta ɗan tallafi. Wajen watan Fabrairu, cikin sanyin da ya fi namu na hunturu nesa ba kusa ba, sai 'yan sa-kai maza da mata su fito bakin teku da shebur, a jera itatuwan cikin dogayen ramuka a gaban tuddan, a binne gindinsu, a bar rassan a waje. Idan iska ta kwaso rairayi sai rassan su tare shi, ya yi ta taruwa har ya rufe icen. Sannan a dasa wata ciyawa mai dogayen saiwoyi, wadda Allah Ya halitta ta da wani abin mamaki: duk sa'ad da rairayi ya binne ta, sai ta ƙara tsawo ta ɓullo sama, saiwoyinta kuma su ɗaure tudun kada iska ta kwashe. Da haka sabon tudu yake tsayuwa a inda da babu.

Bikin da itatuwan suka fito ba namu ba ne, kuma ba shi ya kawo mu ba. Abin lura shi ne yadda aka mayar da abin zubarwa ya zama garkuwar gari, da kuma irin mutanen da suke wannan aiki ba tare da an biya su ko sisi ba.

Na san za ki ce, ai wannan aikin hukuma ne, don me talaka zai bar ɗakinsa cikin sanyi ya je ya yi? Maganarki tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba a sauke wa hukuma nauyinta ba. A can ma ƙananan hukumomin Fylde da Blackpool suna cikin shirin, tare da ƙungiyar kare namun daji ta Lancashire, hukumar muhalli ta Ingila kuma ta ba da kuɗi. Amma kuɗi ba ya hana yaro tattake ciyawar da aka dasa, alhali tattakewar ita ke kashe ta, idan ta mutu kuma iska ta huda tudun. Wanda ya dasa ta da hannunsa yatsunsa suna ƙanƙarewa, shi ne zai tsawata wa ɗansa, ya kuma yi wa baƙo bayani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wata kuma za ta ce, mai gida a can cikin gari, wanda ruwa ba zai taɓa kai wa ƙofarsa ba, me ya shafe shi? A nan ne tambayarmu ta yi nauyi. Idan kowa ya tsaya sai abin da ya taɓa shi kai tsaye, to abin da yake na kowa ya zama marayan da ba shi da mai riƙo. Kowa yana amfana da shi, kowa yana jiran wani ya gyara, har ranar da zai rushe a kan kowa. Ni a fahimtata, cin moriyar abu shi kansa yana ɗora wa mutum amana gwargwadon ikonsa. Ba a ce ki ɗauki duka ba, amma naki kason ba ya faɗuwa don na wasu ya fi yawa.

Akwai kuma darasin lokaci. Aikin nan a tsakiyar wahala ake yin sa, amfaninsa kuma ba ya fitowa a mako ko a wata. Dattijuwar da ta binne ice bana, mai yiwuwa ba za ta ga ranar da tudun zai tare ruwa ba. Idan ma ya tare, babu wanda zai zo ya gode mata, domin masifar da ba ta auku ba ba a ba da labarinta. Ga shi kuma alherin bai tsaya kan mutane ba. Wani ɗan ƙadangaren rairayi da ya ɓace daga wannan gaɓa tun shekarun 1960, an sake dawo da shi tsakanin 2017 da 2020, saboda ya sake samun mazauni. Wannan yana tuna mini abin da muke karantar da yara a Islamiyya, cewa shukar da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare ta, ana rubuta masa ladan sadaka.

Yanzu mu dawo gida, 'yar'uwa. Yawancinmu ba mu da teku, amma muna da kwatar da ta bi ta ƙofar gidajenmu. Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina ko kwatar gaban makarantarmu ta wane ce, suka haɗa baki suka ce ta gwamnati. Na ce to ledar da ta toshe ta fa, daga gidan gwamnati ta fito? Suka yi shiru suna dariya. Wallahi ni kaina sai da na ji kunya, domin na san sau nawa na aiki yaro da shara ban tambaye shi inda ya zubar ba. Iyayenmu sun san gayya, ana taruwa a yi aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Rani shi ne lokacin yashe kwata, tun hadari bai haɗu ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba sai kin riƙe shebur ba. Ki san inda sharar gidanki take zuwa. Ki yi wa maigida magana cikin ladabi ya tuntuɓi maƙwabta a sa rana. Idan matasan unguwa sun fito aiki, ki aika musu da ruwan sanyi ko kunu, ki kuma bar ɗanki ya shiga cikinsu. Yaron da ya taɓa yashe kwata da hannunsa, da wuya ki sake ganin ya jefa leda a ciki.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, ta ɓoye da ta sarari, Ya sa mu dace, amin.