Yaron da Na Tsawata wa a Sahu

Yau da laifina zan fara.

Akwai wani yaro ɗan shekara 13 da ke salla a bayana a nan yankinmu na Falgore. Kullum na waiwayo don daidaita sahu sai in ga kafaɗarsa ta dama ta ɗara ta hagu, ya karkace kamar mai gajiya. Na sha ce masa, "Kai, miƙe mana, gaban Allah kake!" Shi kuma sai ya sunkuyar da kai. Ranar da na tsaya ina koya musu ruku'u a islamiyya ne na ga haƙarƙarinsa na dama ya tashi ta baya kamar tudu. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe yaron nan iyakar miƙewarsa ke nan, ni kuma ina ta ɗora masa laifin rashin ladabi.

Da na samu mahaifinsa, sai ya ce, "Malam, ai mun sani. Iska ce ta taɓa shi a daji wajen kiwo." An yi hayaƙi, an yi rubutu, an kai shi wurin mai ɗori ya danna bayan har yaron ya kwana uku bai yi barci ba. Shekara biyu ana wannan.

Mun lallashe shi aka kai yaron Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, aka yi hoton ƙashi. Abin da likitoci ke kira sikoliyosis ne, wato karkacewar ƙashin baya zuwa gefe. Ya fi bayyana tsakanin shekara 10 zuwa 15, lokacin da yaro ke tsawo da sauri, kuma a mafi yawan masu shi ba a san sababi ba. Ɗaukar itace ko tulu a ka ba shi ke kawo shi ba. Da farko ma sau da yawa ba ya ciwo, shi ya sa ake sakaci. Likita na auna karkacewar da digiri: ƙarama a sa mata ido, in ta kai wajen 25 yaro kuma bai gama girma ba a sa masa wata riga mai tauri da ke hana ta ƙaruwa, in ta wuce 45 ko 50 a fara maganar tiyata. Rigar nan kuwa ba ta da amfani bayan ƙashi ya gama girma. Ku duba abin da shekara biyu ke nufi a nan.

Ni ba na inkarin aljanu, kuma ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce. Amma wanda ya koya mana ruƙiyya, Sallallahu alaihi wa sallam, shi ne ya umarce mu da neman magani. Malamin da zai kalli ƙashi ya lanƙwashe ya ce a kawo baƙin bunsuru, ya ji tsoron Allah.

Iyaye mata, wannan naku ne. Ciwon ya fi tsananta ga 'ya'ya mata, hijabi kuma na rufe shi har sai ya yi nisa. Ki shiga ɗaki da 'yarki, ta haɗa ƙafafu ta sunkuya kamar mai ruku'u, hannuwa a sake. Ki tsaya ta baya ki duba: gefe ɗaya ya fi tashi? Ƙugu ya karkace? Minti ɗaya ya isa.

Akwai kuma wani daban da ya fi gaggawa. Ƙusumbin da ke fitowa tsini a tsakiyar baya, tare da ciwo, rama da zazzaɓin dare, yana iya zama tarin fuka ne ya ci ƙashin. In aka bar shi yana iya shanye ƙafafu, alhali maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kada a jira kaka a sayar da masara, a je asibiti a Tudun Wada ko Doguwa, su za su tura mutum gaba.

Sai batun bakinmu. "Mai doro", "ƙusumbi", har ya zama sunan mutum a gari, a manta wanda ubansa ya raɗa masa. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi. Da aka yi wa Abdullahi ɗan Mas'ud dariya saboda sirantar ƙwaurinsa, Annabi ya sanar da su cewa a mizani ƙwaurin nan ya fi dutsen Uhudu nauyi. Ata'u ɗan Abi Rabah gurgu ne, hannunsa shanyayye, daga baya ya makance, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa.

Wani dattijo da tsufa ya ranƙwafar ya tambaye ni ko sallarsa ta yi, tunda tsayuwarsa da ruku'unsa kusan ɗaya ne. Baba, ta yi. Ka tsaya yadda za ka iya, ka ɗan ƙara sunkuyawa da niyyar ruku'u, in tsayuwar ta gagara ka zauna, kamar yadda aka umarci Imrana ɗan Husaini lokacin da yake fama da basir.

Yaron nan yanzu yana sanye da rigar a ƙarƙashin taguwarsa, zafi na damunsa, kuma zai riƙa komawa Dala ana dubawa har ya gama girma. Na nemi afuwarsa a gaban 'yan ajinsu. Ya ce, "Ba komai, Malam," bai ɗago kai ba. Ku sa shi a addu'a.