KUMBURI BA ƘIBA BA NE



Akwai wata kalma guda da Turawa suke amfani da ita wurin abubuwa uku. In za a hura wa tayar keke iska, sai su ce inflate. In farashin hatsi ya hau a kasuwa, kuɗi suka cika aljihu amma ba su cika mudu ba, sai su ce inflation. In mutum ya cika da ganin kansa, kalmar ce dai suke ɗaukowa. Tushenta Latin ne, ma'anarta kuwa hura iska cikin abu. Da ita ne Littafi Mai Tsarki na Latin ya fassara wata kalmar Helenanci ta Waliyi Bulus, wadda aka samo daga sunan zugazugin maƙeri. Sau 7 ta fito a Sabon Alkawari, 6 daga ciki a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa.

Me ya sami Korinti? Ikklisiya ta rabu, wasu na Bulus, wasu na Afolos, wasu na Kefas. Masu ilimi suna cin naman da aka miƙa wa gumaka, ba ruwansu da ɗan'uwa mai raunin lamiri. Wurin Jibin Ubangiji mai hali yana ƙoshi, matalauci yana zaune da yunwa. Don haka a sura 8 Bulus ya auna ilimi da ƙauna, ya nuna ɗaya iska ce, ɗaya kuwa tubalin gini.

Kowace uwa ta sani, yaron da tamowa ta kumbura wa ciki ba ƙoshi ya yi ba, magani yake bukata. Haka yake ga ruhu. An zaɓe ka shugaban zumunta, ka daina gaida tsofaffi. An kira sunanka ranar godiyar kaka saboda buhunan da ka kawo, ka raina gwauruwa mai mudu ɗaya. Ka yi makaranta, gargaɗin katekis ya zama maka maganar ƙauye. Jama'a suna gani, suna cewa wane yana hura hanci, kai kuwa kana tsammani girma ne. Magabata sun ce girman kai rawanin tsiya.

Abin da iska ta cika, ƙaya ɗaya ta ishe shi. Kafin ƙayar ta zo, mu je wurin Fada mu furta zunubanmu, mu nemi ɗan'uwan da muka raina mu shirya da shi, sa'an nan mu matso bagade.

Bari Yesu, wanda ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, ya koya mana tawali'u. Amin.