Shin Faɗar Aibin Haja Tana Sauke Nauyi? Nazari a Kan Dokokin Fenti Mai Dalma a Amurka

A al'adar kasuwa, idan mai haja ya bayyana aibin kayansa, mai saye kuma ya ce ya ji ya gani, mukan ce mai haja ya fita haƙƙi. Abin da wannan maƙala take son mu yi nazari a kai shi ne, ko wannan hukunci yana nan daram idan wanda aibin zai cutar ba ya cikin masu cinikin. Za mu ɗauko misali daga ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana taƙaddama a kan tsofaffin gidajen da aka shafa wa fenti mai dalma.

Dalma dai wani ƙarfe ne mai taushi da nauyi, wanda aka riƙa zubawa cikin fenti don ya yi ƙarko. Idan gida ya tsufa, fentin yakan ɓamɓare, gugar taga da ƙofa kuma ta mayar da shi ƙura. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, sai gubar ta shiga jini ta haura ƙwaƙwalwa. Ɗan kaɗan ya isa ya dusashe fahimtar yaro har ƙarshen rayuwarsa. Mu ma mun ga aikin wannan guba a Zamfara a shekarar 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya ta hallaka yara kimanin 400, ko da yake a can fenti ba shi ne sila ba.

Tun a 1904 wani likita a Ostireliya mai suna Lockhart Gibson ya danganta ciwon yara da fentin gidajensu, amma Amurka ba ta haramta wannan fenti a gidajen zama ba sai a 1978. Haramcin ya tsayar da sabuwar shafa ne kawai. Abin da ya riga ya hau bangon miliyoyin gidaje yana nan inda yake. Daga nan hukumomi suka bi hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce ta dokar tarayya ta 1992, wadda ƙa'idarta ta fara aiki a 1996. Duk mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978, ko mai ba da shi haya, wajibi ne ya faɗi abin da ya sani game da dalma a gidan, ya kuma miƙa takardar gargaɗi. Mai saye yana da kwana 10 ya kawo masu gwaji. Dokar ba ta tilasta wa mai gida ya gwada ko ya gyara ba. Hanya ta biyu ita ce ta jihar Massachusetts, wadda ta kafa tata dokar a 1971. A can, muddin yaro ɗan ƙasa da shekara 6 yana zaune a irin wannan gida, dole mai gida ya kankare fentin mai haɗari ko ya rufe shi, kuma idan yaron ya kamu, cewa ba a sani ba ba ta zama uzuri.

Idan muka auna hanyar farko, za mu ga illa guda uku. Da fari, tun da abin da mutum ya sani kaɗai ake tuhumarsa da shi, rashin sani ya zama garkuwa ke nan, wanda ya ƙi gwada gidansa ya fi wanda ya gwada kwanciyar hankali. Na biyu, gargaɗi yana amfani ne ga mai zaɓi. Talakan da kuɗin hayarsa ba su kai na sabon gida ba zai sa hannu ko da me aka gaya masa. Na uku, kuma mafi girma, wanda zai sha gubar shi ne jaririn da bai karanta takarda ba, wataƙila ma ba a haife shi ba ranar da aka ƙulla cinikin. Yardar uba ba ta da hurumin halatta cutar da ɗa.

Haƙiƙa mai gida ma yana da tasa hujja. Zai ce ba shi ya shafa fentin ba, gyara kuma yana cin kuɗi masu yawa. Akwai kuma tsoron kada tsananin doka ya sa a guji ba masu yara haya, abin da ya sa Massachusetts ta haramta irin wannan wariya. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar rabon ɗawainiya, domin waɗanda suka ƙera fentin suna da nasu kaso. A 2019 kamfanoni uku suka amince su biya wasu ƙananan hukumomi da birane 10 na jihar Kalifoniya dala miliyan 305, bayan shari'ar da aka fara tun shekarar 2000. Sai dai samun abokin laifi ba ya wanke mai karɓar haya a kowane wata. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Saboda haka, a ganinmu faɗar gaskiya matakin farko ne na fita haƙƙi. Takan wadatar tsakanin baligai biyu masu iko daidai, idan cutar za ta tsaya a kansu. Da zarar ta ƙetare zuwa ga wanda ba shi da baki a cinikin, nauyin kawar da ita yana kan mai cin moriyar dukiyar, hukuma kuma ta tallafa masa gwargwadon hali. Wannan ma'auni ne da za mu iya ɗora wa kowace doka da ta ce a sanar da mutane sa'an nan a bar su da zaɓinsu: mu fara tambaya, wane ne zai ɗauki cutar, kuma an shawarce shi?