Wayar Faiba da Haƙƙin Na Ƙarshen Kanal

 

Duk matar da ke zaman aure a Kura, Bunkure ko Garun Malam ta san rigimar ruwa, ko da ba ta taɓa taka gona ba. Ruwan nan yana tasowa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, sannan ya rarrabu ƙananan hanyoyi zuwa gonaki. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa ya sha ya ƙoshi. Na can ƙarshe kuwa sai ya kwana a gona da tocila yana jiran ragowa. Ranar da maigida ya dawo fuska a murtuke, ke ma kin san ruwa bai iso ba.

To, yau akwai wani kanal ɗin da ake haƙawa a ƙasar nan, amma ba ruwa yake ɗauka ba. Shi ne wayar faiba: zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, ana binne shi a ƙasa, saƙo yana gudu cikinsa ta hanyar haske. Manyan wayoyin da ke haɗa mu da duniya ta ƙarƙashin teku suke zuwa, akasarinsu a Legas suke sauka. Daga nan kamfanoni su jawo su ta gefen manyan tituna zuwa birane. Ƙarfen sabis ɗin da aka haɗa da wannan waya shi ke ba da intanet mai ƙarfi. Wanda ba a haɗa ba sai ya yi ta jan ƙafa. Shi ya sa a bakin titin Kano zuwa Zariya za ki tura saƙo nan take, amma ki shiga ƙauye kaɗan sai an hau tudu ana ɗaga waya sama.

Tambayata ita ce: kai wannan waya ƙauye haƙƙi ne, ko alfarma ce da za a yi mana in an ga dama?

Da a ce shekaru ashirin da suka wuce ne, da sai mu ce ƙawa ce. Amma duba yadda rayuwa ta koma. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta kaɗai ake yin ta. 'Yar ƙauye da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, da 'yar birni za ta zauna gasa. A 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, masu intanet suka ci gaba da karatu, namu suka zauna. A farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun Naira, mai turara shinkafa ta sayar da buhunta, kuɗin suka maƙale a tiransifa saboda babu sabis, ga yara suna jiran abinci. Idan hukuma da kanta ta mayar da jarrabawa da kuɗi da rajista cikin waya, ai ta mayar da hanyar waya dole. Wanda ya ce sai ta ƙofa ɗaya za a shiga gida, bai kamata ya bar wasu babu hanyar zuwa ƙofar ba.

Masu kamfani suna da hujjarsu, kuma a saurare su. Suna cewa haƙa da binnewa kuɗi ne, ga kuɗin izinin bin gefen hanya da jihohi ke karɓa, ga rashin wuta, ga masu aikin titi da ke yanke wayar. Gida hamsin a ƙauye ba za su mayar da abin da layi ɗaya a Sabon Gari zai mayar ba. Gaskiya ne, ɗan kasuwa ba don asara ya fito ba. Amma shi kanal ɗin Kadawa, da riba ta nan take aka duba, wa zai haƙa shi? Da dukiyar al'umma aka yi shi, ga shi yau Kura ta zama gidan shinkafa, tumatirin Kwanar Gafan yana kaiwa har kudu. Akwai aikin da ba ya biyan mai shago, amma yana biyan gari.

Doka ma ta yarda da haka. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. A 2020 gwamnoni suka amince kuɗin izinin binne waya ya tsaya Naira 145 a kan mita ɗaya, jihar Kaduna ma ta yafe shi ɗungurungum. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ɗauki alkawarin kai intanet mai ƙarfi ga kashi 70 cikin 100, wa'adin ya cika ana wajen rabi. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wannan waya. Alkawari kam akwai shi. Abin dubawa shi ne: ina wayar za ta tsaya?

A nan addininmu ya koya mana ma'auni. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yi kan magudanan ruwa biyu na Madina, Mahzur da Muzainib: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Ba a hana na sama sha ba, amma an yi masa iyaka saboda na bayansa. Ba fatawa nake bayarwa ba, ruwa daban, waya daban. Darasin dai a fili yake: abin da jama'a suka yi tarayya a kansa, ba a auna adalcinsa a bakin ƙofa, a ƙarshen kanal ake auna shi.

Na san abin da ke ran wasunmu: "Malama, wannan abu ba fitina zai shigo mana da ita gida ba?" Tsoron nan yana kan hanya, don mun ga abin da waya ta yi wa wasu gidaje da wasu aure. Amma shi ma kanal ya zo da sauro da tsargiya, ya ci yara masu wanka. Akwai wanda ya ce a toshe Tiga? A'a, sai aka yi yasa, aka nemi magani, aka tsawata wa yara. Kuma mu faɗi gaskiya: shirme yana isa ƙauye ko babu faiba, a mimori ake loda shi a kasuwa. Abin da ba ya isowa shi ne darasin ɗaliba, da ganin likita daga nesa, da farashin shinkafa na yau. Rashin waya bai tsare mana tarbiyya ba, amfanin kawai ya tare.

Sai ƙarshen kanal na biyu, wanda ke cikin gida. Ko wayar ta iso gari, sau da yawa babbar wayar hannu guda ce, tana aljihun maigida. Shi ne bakin ƙofa, uwargida da 'yan mata su ne na ƙarshe. Mu tuna Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ba ta jira matan ƙauye su zo birni ba. Jajis ta naɗa suka kai musu karatu har gida. Ilimin da ya tsaya a zaure bai shiga gida ba. Don haka mu zauna da mazajenmu cikin ladabi a yi shawara: wane lokaci, wane darasi, a gaban wa yara za su taɓa waya.

Abin da ya rage namu ne. Rassan ƙungiya su rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da wakilanmu na majalisa, a tambaye su ƙarara: wayar za ta iso asibitin sha-ka-tafi da makarantar 'yan mata, ko a sakatariya za ta tsaya? Mu gaya wa samarinmu wayar nan amana ce, gilashi ce, babu jan ƙarfen da 'yan gwangwan za su saya. Wanda ya yanke ta kamar wanda ya fasa kanal ne, gari ya cuta. Mu kuma mu koyi amfani da ita kafin mu ce za mu sa wa yara ido, domin makaho ba ya tsaron shanya.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa abin da zai iso gidajenmu ya zama alheri. Wassalamu alaikum.