Tallan Talla: Ina Iyakar Gaskiyar Dillali?

Tun muna yara mun san talla. Yarinya ce da faranti a ka tana kiran a sayi ƙosai, wanda ya ji ya fito ya duba, in ya ga dama ya ɗanɗana, sa'an nan ya biya. Amma akwai wata sana'a wadda a cikinta tallan ne da kansa ake yawon sayarwa. A kanta nake so mu yi nazari, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, domin na ɗan taɓa ta, ta kuwa bar mini tambayar da har yanzu take damuna.

A shekarar 2022, sa'ad da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, zaman banza ya ishe ni a gidanmu da ke Kongo. Sai na sami aiki da wani gidan rediyo mai zaman kansa. Aikin shi ne in bi shago-shago da takardar farashi, tun daga ƙofar makaranta zuwa kasuwar Tudun Wada, har Sabon Gari, ina neman masu son a sanar da hajarsu. Albashi babu, sai la'ada: abin da ka kawo, a ciki za a yanka maka. Ranar da ba ka kawo ba, kuɗin motarka ma asara ne. Kana shiga shago goma, tara su ce ka dawo gobe.

Wata rana na shiga wurin wani dattijon tela wanda yawancin masu kawo masa ɗinki ɗalibai ne. Makaranta a rufe, kekensa ya yi ƙura. Ya saurare ni da kyau, sa'an nan ya ce, "Yaro, kuɗin hayar shago ne a hannuna. In na ba ka, mutane za su zo?" Na ce, "Sosai ma kuwa, Baba." Alhali na sani sarai waɗanda yake jira suna garuruwansu, kuma ko sun ji sanarwa ba za su hau mota domin ɗinki ba. Ya biya, aka yi sanarwa mako biyu, ba wanda ya zo. Da muka haɗu ya amsa gaisuwata da fara'a, ya ce Allah ne bai nufa ba. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

To, shin na cuce shi ko kuwa ciniki na yi? Abokan aikina suka ce ciniki ne. Hujjarsu ta fari ita ce, zuga ai gadon kasuwa ce. Dillalin kara yana yabon rago, maroƙi yana kambama mai gidansa, kowa kuwa ya san yadda zai rage wa zancen gishiri. Suka ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, amma akwai bambanci. Mai sayen rago yana iya duba haƙori, ya shafa gadon baya, idonsa ya gyara abin da kunnensa ya ji. Mai sayen talla ba shi da abin dubawa sai bakin wanda ya zo masa. Watau iyakar jahilcin mai saye, iyakar nauyin da ke kan mai sayarwa.

Malaman fiƙihu sun hana cinikin garari, irin sayar da kifi yana cikin ruwa ko tsuntsu yana sama. Wani zai ce ashe talla ma garari ne. Ni a ganina ba haka ba ne. Abin da gidan rediyo ke sayarwa sananne ne: minti kaza, sau kaza, lokaci kaza, kuma ya cika alkawarinsa. Bai sayar wa telan nan da masu kawo ɗinki ba. Ni ne da bakina na ɗora kifin ruwa a kan cinikin, na karɓi la'ada a kansa.

Hujjarsu ta biyu ita ce yunwa: in ka faɗi gaskiya wani zai bi bayanka ya yi ƙarya ya karɓe kuɗin. Haka ne, kuma tsarin da ya rataya abincin mutum a kan la'ada kaɗai yana da nasa laifin. Amma wannan uzuri ne mai rage zargi, ba ya mai da kuɗin hayar tsoho halalina.

Doka ma ba ta kai nan ba. An kafa hukumar kula da tallace-tallace, APCON, a 1988, ta koma ARCON a 2022, tana tace abin da za a watsa wa jama'a. Amma maganar da aka yi a bakin shago tsakanin mutum biyu, ba mai tace ta sai zuciyar mai yin ta.

Saboda haka iyakar da na gano ita ce tsakanin yabo da alkawari. Ka yabi tasharka, ka faɗi inda muryarta take kaiwa da irin mutanen da ke sauraronta. Amma in aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, in kuwa ka san tallan ba zai amfani mutum ba, ka gaya masa. Na gwada haka daga baya, kuma ba zan ɓoye muku ba, la'adata raguwa ta yi.

A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ku lura, waɗanda suka raɗa mata suna ba su ce gaskiya tana kawo kwabo ba, cewa suka yi ta fi shi. Da yawanmu in mun gama karatu irin wannan aiki za mu fara samu, kuma kowa zai gamu da nasa telan. Allah ya ba mu ikon amsa masa da abin da muka sani.